Yadda aka zo duba lafiyar dam ɗin garinmu

Ni manomin rani ne, kuma ni ne sakataren ƙungiyar masu ban ruwa a ƙasan wani ɗan ƙaramin dam a nan jihar Kano, irin dam ɗin ƙasa ɗinnan da aka yi ta ginawa tun zamanin Audu Bako da bayansa. Ba irin su Tiga ko Challawa ba da kowa ya sani, namu in ka fita daga ƙaramar hukumarmu ma da wuya ka samu wanda ya taɓa jin sunansa. Amma mu dai shi ne abincinmu, tumatir da albasa da attaruhu da 'yar alkamar da muke yi duk da ruwansa ne, shanun Fulani nan suke sha, masunta nan suke samun na cefane, kuma garinmu a ƙasansa yake zaune. A ciki na koyi iyo ina yaro, kuma wallahi har na haura arba'in ban taɓa kallon bangon nan a matsayin abin da zai iya fashewa ba, tudu ne kawai da muke bi ta kansa da mashin in za mu kasuwa.

Ɓallewar dam ɗin Alau da ke kusa da Maiduguri ce ta tashe mu daga barci. Ranar 10 ga Satumba 2024 da ruwa ya shiga Maiduguri muna zaune a majalisa ana ta miƙa waya hannu zuwa hannu, ga ruwa a fadar Shehu, ga shi a Kasuwar Monday, ga asibitin koyarwa, har dabbobin gidan zu ruwa ya fito da su, mutane kan rufin gida suna kiran a zo a cece su. Sai wani dattijo cikinmu ya ce ku yara ne ba ku ga Bagauda ba, a watan Agustan 1988 haka ta ɓalle a nan Kano ba wani wuri ba, wani kuma ya tuno na Gusau a 2006. Aka yi shiru. Ni dai daren nan ban runtsa ba, ana ruwa ina jin ƙararsa a kwano ina lissafin daga bangon dam zuwa ɗakin da 'ya'yana ke kwance tafiyar minti nawa ce.

Washegari muka je wajen mai gari ni da shugaban ƙungiya, muka ce ranka ya daɗe muna so a zo a duba mana dam ɗin nan. Ya ce a rubuta takarda zai sa hannu. Na rubuta, na kai ofishin da ke da alhakin dam ɗin, na koma na sake komawa, yau a ce wanda zai karɓa baya nan gobe a ce babu kuɗin mai, sai da sanyi ya kusa fita sannan aka kira ni aka ce ranar kaza suna tafe. Su uku suka zo, wani injiniya dattijo mai furfura, da safiyo da na'urar awonsa mai ƙafa uku, da wata matashiyar injiniya mai riƙe da kwamfuta da littafi.

Na ɗauka da sun sauka mota bango za su nufa, ashe a'a. Injiniya ya nemi tabarma ya ce a kira masa duk wanda ya san lokacin da aka yi ginin. Takardun zanen dam ɗin dai ba su zo da su ba don ba a same su ba, to sai aka koma kan tsofaffi. Akwai wani baba da ya yi lebura a aikin, aka ɗauko shi a mashin. Injiniya ya durƙusa ya gaishe shi sannan ya fara, Baba daga ina aka ɗebo ƙasar, yumɓu aka sa a tsakiyar bangon ko duk ƙasa ɗaya ce, ana yayyafa ruwa kafin rola ta bi ta kai, an haƙa rami a ƙasa kafin a fara ɗora bangon? Baba kuwa kamar jiya aka yi, ya ce an haƙa, an cika da yumɓu baƙi daga fadamar gabas, kuma rola tana bi sau da yawa kafin a ƙara wata ƙasar. Injiniya ya ce madalla, tun ran gini tun ran zane, rabin lafiyar dam ɗin ƙasa tana wajen yadda aka daddanne shi ne tun farko. Ya tambayi shekarar da ruwa ya fi cika, Baba ya ce sai dai ya nuna, haka aka tafi da shi har bakin ginin sumuntin da bawul ɗin sakin ruwa yake ya ɗora yatsa ya ce nan ya taɓa kawowa. Matashiyar nan ta auna wurin ta rubuta.

Daga nan muka hau saman bango muka taka shi da ƙafa tun daga wannan ƙarshen har wancan, a hankali kamar masu neman allura. Yana tafe yana min bayani don na ce masa ni ina so in gane ba wai in raka kawai ba. Ya ce dam ɗin ƙasa hanya uku ce mafi yawa yake mutuwa, ko ruwa ya haura ta samansa ya zaizaye shi, kuma wannan kaɗai kusan kashi ɗaya cikin uku ne na fashewar dam, ko ruwa ya yi hanya ta cikinsa yana kwasar ƙasa kaɗan kaɗan har ya zama rami, ko kuma gefen bangon ya zame ya zauna. Ya ce duk abin da za ka ga muna yi yau alamar ɗaya daga cikin ukun nan muke nema.

Mun samu tsaga a sama, dogaye masu bin tsawon bangon, ya sa kara a ciki ya ga ba su da zurfi ya ce na bushewar rani ne amma a cike su kafin ruwan farko. Ya ce wadda yake tsoro ita ce tsagar da ta gitta bangon daga ɓangaren ruwa zuwa ɓangaren gari, don ita hanya ce a buɗe ruwa kawai take jira, Alhamdulillahi ba mu ga irinta ba. Safiyo kuma yana bin mu yana kafa sanda yana leƙawa ta na'ura duk bayan 'yan taku. Da ido bangon nan a miƙe yake sumul, amma da ya gama sai ga shi akwai wuri guda da ya lotsa, daidai inda shanu ke hawowa su gangara shan ruwa kuma nan 'yan mashin ke yanke hanya. Injiniya ya ce sakatare ka gane, tsayin dam ba inda ya fi tudu ake aunawa ba, inda ya fi ƙasa shi ne tsayinsa, ruwa ba ruwansa da sauran, nan zai nema. Tazarar da ke tsakanin iyakar cikar ruwa da saman bango ita ce rarar da aka bar wa igiyar ruwa da ambaliya, to shanu da tayoyi sun ci wani abu daga cikinta ba wanda ya lura.

Sai maganar bishiyoyi, nan kam ta taɓa ni. Akwai darbejiya jere a bayan bangon, manya, kuma mahaifina Allah ya jiƙansa yana cikin waɗanda suka dasa su da hannunsu, niyyarsu saiwa ta riƙe ƙasa kuma a samu inuwa. A ƙarƙashinsu muke cin abinci in rana ta take. Injiniya ya dafa ɗaya ya ce waɗannan ba wurinsu ba ne nan. Na ce ranka ya daɗe ai su ke riƙe bangon. Ya ce ciyawa ce ke riƙe bango, gajeriya mai shimfiɗa, ita bishiya saiwarta ruwa take nema kuma ruwan yana ɗaya gefen, to ta cikin bangon za ta ratsa, ranar da ta mutu saiwar ta ruɓe ta bar maka bututu a cikin dam, in kuma iska ta tumɓuke ta da damina da ƙasar bangon za ta tafi. Ya kuma gargaɗe mu kar mu ce za mu sare manyan mu bar kututture, wannan ya fi barinsu muni, ƙananan ne za mu iya sarewa, manyan sai ruwa ya ja baya sosai a tono saiwar a mayar da yumɓu a daddanne, kuma da mai sani a tsaye a wurin. Suri ma mun ƙirga guda huɗu, da ramukan gafiya. Ya sa aka sari gefen suri ɗaya da diga, in ka ga hanyoyin da gara ta yi a ciki sai jikinka ya mutu, ya ce ba rushe na sama ba ne aikin, sai an bi har ɗakin uwar garar an cire ta.

To yanzu ga inda na fi so mai irin dam ɗinmu ya tsaya ya karanta da kyau. A gindin bangon ta ɓangaren gari akwai wani fili da ko a tsakiyar bazara kore ne shar, ƙasar a jiƙe, kuma fili na ne, gado na ci. Ina shuka alayyahu da latas a wurin ban taɓa kunna inji ba, mutane har cewa suke Allah ya ba ni rijiya kyauta. Injiniya yana hango koren nan daga sama ya ce mu sauka can. Ya cire takalmi ya shiga, yana taka ƙasar yana jin yadda take lotsawa, ya bi danshin har ya samu inda ruwan ke tsattsafowa, ɗan siriri kamar yatsa. Ya ce a ba shi gorar ruwa ta roba wadda babu komai, ya tara ya cika ta, ya ɗaga ta saitin rana ya daɗe yana kallo, sannan ya ajiye ta kan dutse ya ce kar kowa ya taɓa.

Muna jira yake ce min babu dam ɗin ƙasa a duniya da ba ya tsattsafo, ruwa dole ya ratsa, shi ya sa ma ake jera duwatsu da tsakuwa da yashi a gindin bango don ruwan ya fita ƙasar ta tsaya. Abin tambaya biyu ne kawai, ruwan garau yake fitowa ko da laka, kuma yawansa yana nan yadda yake ko ƙaruwa yake alhali ruwan dam bai ƙaru ba. In garau ne ruwa ne kawai ke wucewa. In ya fara gurɓacewa to bangon ne da kansa yake fitowa a cikin ruwan, cokali cokali, ramin yana ci daga nan yana komawa baya har ya tarar da tafkin, kuma daga ranar da ya tarar zuwa fashewa wani lokaci awoyi ne ba kwanaki ba. Bayan kamar rabin awa ya ɗauko gorar, ruwan fes, amma a gindinta akwai ɗan abu kaɗan da ya kwanta, siririn layi kamar an barbaɗa toka. Ya juya ta a hankali ya nuna min, ya ce wannan zai iya zama ƙasar da na tayar da ƙafata, zai iya zama kuma ba ita ba, ba zan yanke hukunci da gora ɗaya ba. Wallahi ƙirjina sai da ya buga, shekara nawa ina murna da ruwan nan.

Ya sa muka gyara wurin, aka tattara ruwan ya bi ta ɗan guntun bututu guda, aka tara bokiti matashiyar tana duba agogon waya har ya cika, ta rubuta daƙiƙoƙin. Ya ce wannan aikin daga yau naka ne sakatare, duk Juma'a bokiti ɗaya gora ɗaya, ka rubuta kwanan wata da daƙiƙa nawa ya cika da kuma inda ruwan dam yake a jikin sandar awo. Ya ce manyan dam akwai bututun da ake binnewa a jikin bango ana zura ma'auni a ga inda ruwa ya kai a ciki, ku ba ku da shi, bokitin nan shi ne naku. Ya hana ni noma wurin, ya ce garma da fartanya a gindin bango rage masa nauyin da yake dogara da shi ne, haka masu haƙar ƙasar bulo da suka matso kusa ya ce a tashe su. Kuma ya ce ko da wasa in kun ga ruwa na ɓulɓulowa da yashi kamar tukunya na tafasa kar ku toshe bakin, ku kewaye shi da buhunan yashi ruwan ya taru ya yi nauyi a kansa, ku kira mu, ku fara kwashe mutane.

Daga nan sai mazubar ruwa, wato sifilwe, inda rarar ruwa ke bi ta fita in dam ya cika. Tun kafin mu isa na san za a yi magana don na san abin da muka yi. Shekarun baya da muka ga ruwa na ƙare mana tun kafin albasa ta nuna, ƙungiya ta yi karo-karo muka jera bulo layi biyu da buhunan ƙasa a bakin mazubar don dam ya ƙara riƙe ruwa, ni na rubuta sunayen waɗanda suka ba da kuɗin ma. Injiniya ya tsaya ya kalli bulon nan ya kalle mu, bai ɗaga murya ba, ya ce wa ya yi wannan. Shugaba ya ce mu ne ranka ya daɗe, ruwan ne ba ya isa, iyalai ne da mu. Ya ce na sani Alhaji, ban ce mugunta kuka yi ba, amma duk taƙin da kuka ƙara a nan daga rarar bangon can kuka cire shi, ga kuma wurin da ya lotsa, ku haɗa biyun ku gani, ruwan dare ɗaya mai ƙarfi ya isa. Ya ce Tiga da girmanta, da aka gama ta tun 1974, sai da aka rage tsayin mazubarta a farkon shekarun 1990 aka haƙura da ruwa mai yawa saboda lafiyar bangon, ku kuma kuna ƙarawa. Shugaba ya so ya ja maganar, ya ce to in an cire wa zai biya mu asarar albasa, aka ɗan yi sama-sama har sai da mai gari ya sa baki. Ni ina ganin damuwar shugaba gaskiya ce don ni ma albasar nake yi, amma na riga na ga gorar nan, ban iya goya masa baya ba. Bayan mazubar kuma kacalla da ciyayi sun cike hanyar ruwan, ƙasan sumuntin ruwa ya fara rarake shi, duk matashiyar ta ɗauki hoto.

Bawul ɗin da ke sakar mana ruwa zuwa kanal ya yi tsatsa, rabi kawai yake buɗewa, ya ce a gyara don ranar da ake neman rage ruwa da gaggawa shi kaɗai ne mafita, amma kuma ba a zuƙe dam da sauri haka kawai, bangon da ya sha ruwa in aka janye masa ruwan lokaci ɗaya ta ciki yake zamewa. Washegari suka shiga kwalekwalen sarkin ruwa da doguwar gora suna cakawa wuri wuri, nan aka gane dalilin da ruwa ke ƙare mana, laka ce ta cike cikin tafkin daga gonakin da ake nomawa har bakin rafi a sama.

Abu na ƙarshe da suka yi bai shafi bangon ba sam, cikin gari suka shiga. Suka bi hanyar da ruwa zai bi in ya ɓalle, matashiyar tana duba taswira a kwamfuta tana ƙirga gidaje, ga firamare ga masallacin Juma'a ga ɗakin shan magani. Na ce Injiniya ai namu ƙarami ne. Ya ce a ma'aunin hukumar manyan dam ta duniya babban dam shi ne mai tsayin mita 15 zuwa sama, ko mai mita 5 zuwa 15 da ke riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 3, amma wannan girma ne kawai, matakin haɗari da abin da ke ƙasan dam ake yanke shi. Dam ɗin da ke tsakiyar daji ko ya lalace matakinsa ƙasa ne, wanda gari ke kwance a gindinsa ko sabo fil ne matakinsa sama ne, kuma shi ake fi matsa wa da dubawa. Namu a na sama ya faɗa. Lokacin da aka gina shi gidajen da ke hanyar ruwan ba su kai haka ba, mu ne muka yi ta gini muna matsowa.

Rahoton ya zo bayan 'yan makonni, shafuka da hotuna, an kasa aikin uku, na yanzu-yanzu da na kafin damina da wanda sai gwamnati ta sa kuɗi. Na yanzu-yanzu mu muka yi da aikin gayya, muka kwashe bulon nan da buhuna, shugaba da kansa ya ɗauki bulon farko duk da ransa bai so ba, muka share kacalla, muka sare ƙananan bishiyoyi, muka tone suri, muka cike lotsawar da jar ƙasa ana yayyafa ruwa ana daɓewa, muka zauna da ardo aka canza wa shanu mashaya. Aka kuma tsara wanda zai kira wa in abu ya faru da dare, lasifikar masallaci ce ƙararrawa, tudun makabarta ne wurin taruwa, an faɗa a masallaci an faɗa wa mata a gidan suna da islamiyya. Manyan darbejiyar da bawul da gyaran ƙasan mazuba suna cikin kaso na uku, har yau muna bibiya, takarda ta huɗu na kai kwanan nan kuma zan sake kaiwa.

Injiniya ya dawo cikin Agusta da dam ya cika, don ya ce duban rani rabin dubawa ne, sai bango na ɗauke da kaya ake sanin halinsa. Ruwa na zuba ta mazuba yadda ya kamata, muka sauka filina wanda yanzu ciyawa ce kawai a ciki, na miƙa masa littafin. Ya bi layi layi da yatsa, bokitin ya fi saurin cika da ruwa ya hau, ya ce haka ya kamata tunda dam ɗin ne ya ƙaru, abin da zai tayar masa da hankali shi ne ya ƙi komawa in ruwa ya sauka. Na kawo masa gorunan da na jera a ɗaki kowace da kwanan watanta a jiki, ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a rana, duk garau, sai guda biyu na makon da aka yi ruwa kwana uku a jere da suke da ɗan layin nan a gindi. Ya ware su gefe ya sa a mota ya ce zai kai a duba irin ƙasar, ni kuma daga yanzu har ruwa ya ɗauke in daina jiran Juma'a, kullum da safe in je.